An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Manhajojin Tace Rubutu

Malam, na karanta rubutunka na makon jiya sau biyu, na farko a waya ina cikin a-daidaita-sahu, na biyu da dare bayan gida ya yi tsit. Maganarka a dunƙule ita ce: manhajojin nan da ke shiga shafukan jaridu su zare gundarin labari su bar sauran tarkace kayan sata ne, waɗanda suka ƙera su ba su da maraba da ɓarayi, kuma mafita ita ce kafafen yaɗa labarai na Hausa su haɗa kai su garƙame ƙofofinsu kada wata na'ura ta sake leƙowa. Na san inda abin yake maka ciwo, domin ni ma alƙalami ne ya ciyar da ni. Na taɓa kwana biyu a wani ƙauye da ambaliya ta cinye, na dawo da rahoto takalmina cike da laka, washegari na gan shi a shafuka huɗu da ban san masu su ba, babu sunana, babu sunan jaridata. Saboda haka ba daga nesa nake hango ɓacin ranka ba. Amma ka dunƙule abubuwa daban-daban wuri ɗaya ka kira su da suna ɗaya, kuma idan aka bi shawararka, rubutun Hausa ne zai fi kowa asara.

Bari mu fara da ita kanta manhajar, domin a duk tsawon rubutunka ba ka faɗa wa mai karatu abin da take yi ba. Shafin labari da muke gani a waya ba rubutu ba ne zalla. A ƙarƙashinsa akwai ginin da ake kira HTML, akwatuna ne cikin akwatuna: wannan na sunan jarida, wannan na jerin sassa, wannan na talla, wannan na "labarai masu alaƙa", wannan na maɓallan turawa Facebook da WhatsApp, can a tsakiya kuma ga akwatin da labarin yake kwance. Aikin manhajar tacewa shi ne ta gano wannan akwati na tsakiya. Ba fahimtar labarin take yi ba, ƙirga take yi. A 2009 wani ƙaramin kamfani na birnin New York mai suna Arc90 ya fitar da wadda ake kira Readability, kuma dabararta mai sauƙi ce: tana duba tsawon kowane sakin layi da yawan waƙafi a cikinsa ta ba shi maki, ta rage wa akwatin da yawancin kalmominsa mahaɗai ne da ake latsawa, domin jerin sassa kusan duk mahaɗai ne, labari kuwa jimloli ne masu tafiya. Akwatin da ya fi maki shi ne labarin. A 2010 Christian Kohlschütter da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa yawan kalmomi da yawan mahaɗai kaɗai sun isa a rarrabe labari da tarkace a mafi yawan shafukan jaridu, suka fitar da Boilerpipe. Jan Pomikálek na ƙasar Cak ya zo da jusText, wadda take lura da ƙananan kalmomin da ba a magana sai da su, irin namu "da" da "a" da "ya" da "ta" da "ne". Inda suke da yawa, mutum ne yake bayani. Inda babu su, kanun sashe ne ko sunan maɓalli. Daga baya Adrien Barbaresi a Berlin ya ƙera Trafilatura, wadda manyan masu tara rubutu da dama suke aiki da ita a yau.

Duk macen da ta taɓa tsayawa a masussuka da ƙwarya biyu tana sheƙar gero ta san wannan aiki. Iska ta tafi da ƙaiƙayi, tsaba ta faɗo. Ko geron na mai gona ne ko na sata ne, wannan tambaya ce da ake yi wa wanda ya kawo damin. Ba a yi wa iska ita.

Kuma wannan sheƙar tana cikin aljihunka yanzu haka. Safari ya sa maɓallin karatu tun 2010, Firefox ya sa nasa a 2015, dukansu daga zuriyar Readability. Ina da maƙwabci, tsohon malamin firamare, idonsa ya yi rauni sosai. Kullum bayan la'asar yana zama a dakalin ƙofar gidansa da waya dab da hancinsa. Wata rana na same shi yana fama: ya buɗe labarin farashin taki, tallar caca ta rufe rabin fuskar wayar, yatsansa ya kuskure ɗan ƙaramin gicciyen rufewa ya faɗa wani shafi dabam, ya dawo, bidiyo ya fara ihu shi kaɗai. Na karɓi wayar na nuna masa alamar nan mai kama da takarda a saman shafi. Da ya latsa, komai ya watse, sai baƙin rubutu a kan fari, ya ƙara girman haruffa har sau uku. Ya karanta labarin daga farko har ƙarshe, abin da ya ce ya jima bai yi ba sai jikansa na kusa. Makafin da waya ke karanta musu da murya sun fi shi buƙatar wannan, domin ba tare da tacewa ba sai muryar ta bi jerin sassa da talla ɗaya bayan ɗaya kafin ta iso jimlar farko. Malam, a wane babi na sata za ka ajiye wannan dattijo?

Za ka ce ba shi kake nufi ba, masu kwasar dubban shafuka a dare ɗaya kake nufi. To, mu je can, domin a nan ne na fi saɓa maka.

Abin da ya fi barazana ga rubutun Hausa a intanet ba kwafi ba ne, ɓacewa ce. Na yi shekaru ina aiki da wata jarida da ba zan ambaci sunanta ba. Kuɗi suka yanke, albashi ya tsaya, aka watse. Babu wanda ya tuna cewa sunan shafin da wurin ajiyarsa haya ne da ake sabuntawa duk shekara. Wata safiya na buga adireshin don in ɗauko wata hira da na yi da wani tsohon maƙeri wanda ya riga mu gidan gaskiya, sai na tarar da sanarwar cewa sunan na sayarwa ne. Shekaru na rahotanni, hirarraki, ta'aziyya, muhawarar masu karatu, duk sun tafi, babu gobara babu ambaliya. Na kira wanda ya gina shafin, ya ce kwamfutar da ajiyar take ciki ta lalace tun bara. A ina na samo hirar maƙerin? A Wayback Machine, rumbun da cibiyar Internet Archive take kula da shi. Brewster Kahle ne ya kafa cibiyar a 1996, aka buɗe rumbun ga jama'a a 2001. Wata na'urarsu ta bi ta shafinmu a wani dare da babu wanda ya gayyace ta, ta ɗauki kwafi ta ajiye. Irin na'urar da ka ce a kora ke nan. Da ita da manhajar tacewa na ceto abin da ya samu daga aikina, na zare rubutun daga ragowar shafin da ya farfashe na adana. Abin da na'urar ba ta bi ta kansa ba ya tafi ke nan.

Wannan ba ƙaddarata ba ce ni kaɗai. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke raye a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Wannan lissafin intanet ne baki ɗaya, har da ƙasashen da jaridunsu ke da ma'aikatan ajiya na musamman. Mu da yawancin shafukanmu ke rataye a wuyan mutum ɗaya da katin bankinsa fa? Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma har yau mai bincike zai iya zuwa ɗakunan ajiyar tarihi ya buɗe tsofaffin kofenta, domin an buga dubbai sun bazu hannu-hannu. Takardar da ta haura shekara 80 tana nan, labarin da aka wallafa a intanet shekara 8 da suka wuce ya ɓace. Abin da ya raba su shi ne yawan kwafi.

Ka dubi abin da ya faru a Maris na 2025. Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara aiki tun 1979, ya yi shiru bayan umarnin da Shugaba Trump ya sa wa hannu, aka tura ma'aikata hutun dole. Dubban rahotanni da 'yan jaridarmu suka rubuta da Hausa, kan Boko Haram, kan zaɓuka, kan juyin mulkin Nijar, kan farashin hatsi a Dawanau, suna zaune a rumbun da mabuɗinsa ke hannun gwamnatin wata ƙasa. Na BBC Hausa da ya faro a 1957 ma a ƙasar waje yake, haka na DW da RFI. Babban kaso na ingantacciyar Hausar labarai da ke intanet ba a gidanmu yake ajiye ba. Ranar da wani ofishi a Washington ko Landan ya ga kuɗin riƙe tsofaffin shafuka ya yi yawa, wa zai tambaye mu? Idan akwai abin da ya kamata jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su yi da gaggawa, shi ne su mallaki irin waɗannan manhajoji, su nemi izini inda ake neman izini, su kwashe su tace su adana, da suna da kwanan wata.

Kakanninmu ba su ji tsoron kwafi ba. Littattafan malaman Sakkwato da Katsina da Borno sun iso mana ne saboda almajirai sun zauna da tawada da alƙalamin kara sun kwafe su da hannu, kwafi daga kwafi, gari zuwa gari. Abin da suka tsananta a kai shi ne amana: a ambaci mawallafi, kada a ƙara kada a rage, sau da yawa ma mai kwafin ya rubuta sunansa a ƙarshe don a san hannun da rubutun ya bi. Wannan ita ce ƙa'idar da nake so mu ɗora wa na'ura, kuma a kanta ne nake da ƙorafi na gaske da waɗannan manhajoji, ƙorafin da ban gani a rubutunka ba.

Sheƙar tasu ba ta da tsabta kamar yadda masu ita suke zato. Sunan marubuci gajeren layi ne, sau da yawa kuma mahaɗi ne, don haka ma'aunin da ke zubar da jerin sassa yakan zubar da shi. Haka kwanan wata. Haka ɗan layin gyara da edita mai mutunci yake sawa a ƙasan labari idan an yi kuskure. Labari ya fita fes, amma maraya: ba uba, ba ranar haihuwa, kuma kuskuren da aka gyara yana iya ci gaba da yawo. Rubutacciyar waƙa ta fi shan wahala, domin baitoci gajeru ne kuma ba kasafai suke ƙarewa da aya ba. Lokacin da masu binciken Google suka tace babban tarin rubutun Turanci mai suna C4 a 2019, ɗaya daga ƙa'idojinsu ita ce a jefar da duk layin da bai ƙare da alamar rufe jimla ba. Ka auna irin wannan rariya a kan shafin adabi na jaridar Hausa: sharhin waƙar zai tsira, waƙar kanta ta bi iska. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Wani shafi ya rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa, wani kuma ya lalata harafin ya koma alamar tambaya. Najeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa. Manhajar da ke goge alamomin da ba ta gane ba tana iya mayar da ɓata ta koma bata, ɗaki ya koma daki. A 2022 Julia Kreutzer da tarin masu bincike, cikinsu har da 'yan Afirka na ƙungiyar Masakhane, sun bi manyan tarin rubutun da aka kwaso daga intanet suna dubawa da ido, suka tarar cewa a harsuna da dama masu ƙarancin rubutu, babban ɓangare na abin da aka liƙa wa sunan harshen ba ma harshen ba ne, ko kuma shara ce.

Waɗannan laifuka ne na gaske. Sai dai ka lura, babu ɗaya daga cikinsu da rufe ƙofa zai gyara. Idan jaridun da ke da editoci, masu sa lanƙwasa a inda take, masu tantance labari kafin su buga, suka kulle, na'urorin ba za su daina tattara Hausa ba. Za su tattara abin da ya rage a fili: shafukan kwafe-da-manna, fassarar inji da aka zuba don farautar talla, zage-zagen dandalin sada zumunta. Da wannan za a koya wa manhajar fassara da ƙirƙirarriyar basira abin da ake kira Hausa, kuma da ita 'ya'yanmu za su riƙa magana a waya ko mun so ko mun ƙi. Ayyukan da suka ɗan ɗaga harshenmu a wannan fage daga labarai masu kyau aka gina su. MasakhaNER na 2021, wanda ya koya wa na'ura gane sunayen mutane da wurare a harsunan Afirka 10, Hausarsa daga labaran Muryar Amurka aka ɗauko ta, masu jin harshen suka bi ta jimla-jimla suna sa alama. XL-Sum na wannan shekarar ya tattara labaran BBC a harsuna 44, har da Hausa. Matasanmu da ke wannan bincike ba su da kuɗin sayen rumbun kowa. Kulle na gama-gari su zai fara tarewa, ba kamfanin da ke da biliyoyin dala ba.

Sannan kullen da kake magana a kai, ka san yadda yake? Mafi yawansa ɗan fayil ne mai suna robots.txt, wanda wani injiniya ɗan Holan, Martijn Koster, ya ƙirƙiro a 1994. Sanarwa ce a bakin zaure, ba kwaɗo ba. Mai kunya ya karanta ya juya, mara kunya ya tsallake. Waɗanda suka sace rahotona na ambaliya ba su karanta wata sanarwa ba, wataƙila ma ba su yi amfani da wata manhaja ba, babban yatsa ya ishe su: danna, kwafa, manna. Amfanin wannan fayil yana cikin cewa yana ba ka damar zaɓe da suna. Tun Agustan 2023 kamfanin ƙirƙirarriyar basira na OpenAI ya bayyana sunan na'urarsa, GPTBot. Google ya ware Google-Extended a Satumban shekarar, ta yadda za ka hana a horar da basirarsa da rubutunka ba tare da ka fita daga sakamakon bincike ba. Cibiyar Common Crawl mai tara shafukan intanet na da CCBot. A Yulin 2025 kamfanin Cloudflare ya fara tare na'urorin kamfanonin ƙirƙirarriyar basira kai tsaye ga sababbin shafukan da ke ƙarƙashinsa sai mai shafi ya yarda. Jaridar da ta ce ba ta yarda wani kamfani ya ci riba da guminta kyauta ba tana da cikakken haƙƙi, ta rubuta sunansa ta hana shi, zan tsaya tare da ita. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a hana kowa da kowa, har da rumbun tarihi da ɗalibin digiri na biyu da injin binciken da ke kawo mata masu karatu.

Batun kuɗi kuwa, a nan kana da gaskiya, kuma ina so mu ɗaga murya tare. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ƙulla yarjejeniya da OpenAI a Yulin 2023, Axel Springer na Jamus ya bi a Disamba, a watan ne kuma New York Times ta kai OpenAI da Microsoft kotu. Manyan sun ce ko a biya ko a haɗu gaban alƙali. Jaridar Hausa guda ɗaya ba ta da nauyin yin haka, amma rubutun Hausa mai inganci kaya ne mai wuyar samu, kuma mai kayan da ke da wuyar samu yana da bakin ciniki idan bai je kasuwa shi kaɗai ba. Haɗin kan da ka nema domin a kulle, a yi shi domin a yi ciniki: rumbu ɗaya, tacewa mai kyau da hannunmu, kyauta ga makarantu da masu bincike, farashi ga mai neman riba, sharaɗi kuma sunan marubuci ya bi rubutunsa. Masu kwafe-da-manna kuma doka ta riga ta tanadar musu hanya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta ba mai aiki damar aika sanarwa a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. Editoci nawa ne a cikinmu suka taɓa aika irin wannan takarda?

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yawancin asarar suna da kwanan wata daga ginin shafukanmu take tasowa. Tun 2011 manyan injinan bincike suka amince da tsarin schema.org, inda shafi zai faɗa wa na'ura ƙarara cewa ga kanun labari, ga marubuci, ga ranar wallafawa, ga ranar gyara. Trafilatura da 'yan'uwanta suna neman waɗannan alamomi, idan sun same su suna ɗauka. Akwai kuma gurbi a saman kowane shafi da ake rubuta harshensa, na Hausa haruffa biyu ne kacal, "ha". Shafukanmu da yawa an gina su a kan WordPress an bar wannan gurbi yadda ya zo, yana shaida wa duniya cewa Turancin Amurka ne a ciki.

Daren da na karanta rubutunka karo na biyu, na latsa maɓallin karatu a kansa don in huta da tallar da ke tsalle a gefe. Rubutun ya fito daga kalmar farko zuwa ta ƙarshe, ba abin da ya ɓace sai sunanka. Na koma ainihin shafin na duba: an cusa sunan cikin akwatin maɓallan turawa, gurbin marubuci kuma an bar shi da kalmar da mai ginin shafin ya shiga da ita. Ka nuna wa editanka wannan gobe da safe, Malam, gyaran ba zai kai awa ɗaya ba. Idan mai kula da shafin naku bai san inda gurbin yake ba, ka turo shi wurina in nuna masa.